Makaɗi da Ɗan Dambe a Jiki Ɗaya: Gambarar Titunan Amurka

A watan Agustan 1989 wata wasiƙa ta isa ofishin kamfanin faifai na Priority Records a birnin Los Angeles. Hukumar FBI ce ta aiko ta, da sa hannun wani mataimakin darakta mai suna Milt Ahlerich. Babu sammaci a ciki, babu tuhuma. Ƙorafi ne a kan wata waƙa ta wasu samari daga Compton da kewaye masu kiran kansu N.W.A, waƙar da tun daga sunanta ashar ce aka lailayo aka maka wa 'yan sanda. Yawancin gidajen rediyo sun ƙi saka faifan, tashar MTV ta ƙi nuna bidiyonsu, amma sai da aka sayi kwafi sama da miliyan ɗaya. Da labarin wasiƙar ya shiga jaridu sai ta koma talla kyauta, don kowane matashi ya ƙagu ya ji abin da ya hana hukuma barci.

Hip-hop, wanda 'yan jaridarmu ke kira gambarar zamani, rassa gare shi da yawa. Wannan reshen shi Amurkawa ke wa laƙabi da hardcore, wato mai tauri, marar sassauci. Kunne kan gane shi tun kafin a fahimci kalma ɗaya: ganga mai nauyi da ke dukan ƙirji, babu amshi mai zaƙi, murya kamar ta mai shirin faɗa. Zancen kuwa na kan titi ne. Dillancin ƙwaya, bindiga, ɗan sanda, kurkuku, abokin da aka binne makon jiya, uwar da ke firgita idan waya ta yi ƙara da tsakar dare. Waƙar 'yan daba da ake kira gangsta tana cikinsa, haka ma masu zafin siyasa irin Public Enemy, da masu gasar zambo da fitar da gwani. Abin da ya haɗa su shi ne da'awar cewa abin da suke faɗa gaskiya ne tsirara. A kan wannan da'awa duk rigimar take.

Asalin abin dai ba da bindiga ya fara ba. Ranar 11 ga Agustan 1973 wani matashi haifaffen Jamaika, Clive Campbell, wanda aka sani da Kool Herc, ya saka faifai a wani ɗakin taro da ke gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick cikin unguwar Bronx ta birnin New York, don ƙanwarsa ta tara kuɗin kayan komawa makaranta. Rawa aka je yi. Sai dai unguwar da ake rawar a cikinta ta riga ta zama kufai. Babbar hanyar mota da jami'in tsara birni Robert Moses ya ratsa da ita ta tsakiyar Bronx ta tarwatsa dubban iyalai, masu hali sun tattara sun koma bayan gari, masana'antu sun bi su. Masu gidajen haya da yawa sun gano cewa kuɗin inshora ya fi kuɗin haya, sai gobara ta zama ruwan dare. A 1975 birnin New York kansa ya kusa tsiyacewa, aka rage ma'aikata, aka rufe wasu tashoshin kashe gobara. Shekara tara ana gambara a cikin wannan toka, galibi ta nishaɗi da yabon kai, kafin a 1982 waƙar “The Message” ta Grandmaster Flash da ƙungiyarsa ta kawo ɓeraye da bashi da fasassun kwalabe cikin faifai, ta bi yaron unguwa tun daga haihuwa har gawarsa a ɗakin kurkuku. Shekara guda bayan haka Run-DMC daga Hollis a Queens suka tuɓe wa kiɗan duk wani ado, suka bar na'urar ganga da ihu, suka hau dandamali da kayan da ake sawa a bakin layi. Daga nan taurin sautin ya samo tushe.

Abin da ya zuba wa sautin nan jini kuwa ƙwaya ce. Wajen 1984 zuwa 1985 wani sabon nau'in hodar iblis ya mamaye biranen Amurka. Ana dafa hodar da ruwa da bekin soda ta dunƙule kamar tsakuwa, a fasa ƙanana, a zuƙi hayaƙinta. Sunanta krak. Hodar asali ta masu kuɗi ce, wannan kuwa da dala biyar ko goma sai a samu, mayenta ba ya daɗewa, mai sha kuma yakan dawo sau da yawa a rana. Kasuwa irin wannan tana bukatar ɗimbin ƙananan dillalai a kowace kusurwa, kuma ga yara zaune ba aiki. A kudancin Los Angeles kamfanonin taya na Goodyear da Firestone sun rufe masana'antunsu wajen 1980, General Motors ya rufe tasa ta South Gate a 1982. Ayyukan da suka ciyar da iyaye sun tafi, aikin da ya rage wa 'ya'ya shi ne tsayuwa a bakin layi da ƙulli a safa. Dabar Crips da ta Bloods, da a da faɗansu na unguwa ne, suka samu jari da manyan bindigogi. A 1990 kaɗai an kashe mutum 2,245 a birnin New York.

Martanin gwamnati ya zo da nasa zaluncin. Dokar 1986 ta ce wanda aka kama yana fataucin giram 5 na krak zai sha ɗaurin aƙalla shekara biyar, daidai da wanda aka kama da giram 500 na hoda. Sinadari ɗaya ne, bambancin kawai wa ke riƙe da shi, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗaure a kan krak baƙaƙen fata ne. Sai a 2010 aka rage tazarar daga ninki 100 zuwa ninki 18. Mutanen da ke tsare a Amurka sun tashi daga wajen rabin miliyan a 1980 zuwa sama da miliyan biyu a farkon shekarun 2000. A Los Angeles shugaban 'yan sanda Daryl Gates ya riƙa tura dakaru suna share unguwa guda, a kwantar da duk saurayin da aka gani a ƙasa, a tambayi laifinsa daga baya.

To, wanda ya san wannan ba zai yi mamakin abin da Schoolly D ya rera a Philadelphia a 1985 ba, ko abin da Ice-T ya rera a 1986 game da 'yan sanda na bugun ƙofa da asuba. N.W.A da kansu waƙar zahiri suke kiran abin da suke yi. Da aka ɗauki bidiyon 'yan sanda suna jibgar wani baƙar fata mai suna Rodney King a Los Angeles a Maris 1991, kotu ta wanke su ranar 29 ga Afrilun 1992, gari ya kama da wuta, aka rasa rayuka sama da hamsin, sai mawaƙan suka ce ai mun gaya muku. A wannan gaɓar gaskiyarsu ce. Sun riga jaridun ƙasar kawo labarin da shekaru.

Amma akwai wani abin da ya faru a 1991 da ba a cika ambata ba, wanda a ganina ya fi kowane tasiri a kan inda waƙar ta dosa. Kafin lokacin, mujallar Billboard tana haɗa jadawalin faifan da ya fi kasuwa ne ta hanyar tambayar masu shaguna, su kuma su faɗi abin da suka ga dama. A watan Mayu aka koma amfani da SoundScan, tsarin da ke ƙirga kowane faifai a daidai lokacin da aka biya kuɗinsa. Cikin 'yan makonni kundin N.W.A na biyu ya haye matsayi na ɗaya a duk ƙasar. Manyan kamfanoni suka farga cewa masu sayen nan ba 'yan Compton kaɗai ba ne. Akwai ɗimbin 'ya'yan fararen fata a unguwannin bayan gari masu shuke-shuke, waɗanda ba su taɓa jin ƙarar harbi ba sai a fim, kuma abin da ke burge su shi ne haɗarin. Tambarin gargaɗin iyaye da aka fara manna wa faifai bai-ɗaya a 1990 ya zama kamar hatimin inganci. Daga wannan lokaci labarin titi ya zama haja, kuma mai haja ya san abin da mai saye ke so. Baitin da ke bayanin dalilin da ya sa masana'anta ta rufe ba ya tafiya kamar baitin da ke ƙirga gawa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga waƙar da ke wasa maza da ambaton kisa. Wanda ya taɓa sauraron Muhammadu Bawa Ɗan Anace yana wasa Shago ya ji mutuwa da kabari da makoki, kuma a filin dambe idan aka kai mutum ƙasa “kisa” ake cewa an yi. Ɗan tauri da maharbi suna kirarin da idan aka ɗauke shi a zahiri sai a kira hukuma. Ba wanda ke ruɗewa, domin kowa ya san kirari kirari ne. Sannan a dambe makaɗi daban, ɗan dambe daban. Ba a taɓa cewa Ɗan Anace ya ajiye kiɗa ya ɗaure hannu ya shiga fili don a tabbatar da waƙarsa ba. Gambarar titi ta haɗe mutanen nan biyu a jiki ɗaya. Mawaƙin cewa yake ni na sayar, ni na harba, ni na kwana a kurkuku, masu sauraro kuma suna auna darajarsa da gwargwadon yadda suka yarda cewa da gaske ne. Babban zagi a wannan fage shi ne a ce wane ɗan daban situdiyo ne, wato a gaban makirfo kawai yake da zuciya.

Alhali idan aka bincika, da yawa daga cikin manyansu makaɗa ne, ba 'yan dambe ba. Ice Cube, wanda ya rubuta mafi zafin baitocin N.W.A, ya tashi a gaban uwa da uba masu aikin albashi, har ya je Phoenix ya karanci zanen gine-gine. Dr. Dre ya fito ne daga ƙungiyar kiɗan rawa masu sa kaya masu ƙyalli. A cikin 'yan N.W.A, Eazy-E ne aka sani da taɓa dillanci. Tupac Shakur ɗan gidan 'yan gwagwarmayar Black Panther ne, ya yi makarantar fasaha a Baltimore inda ya koyi wasan kwaikwayo da rubuta waƙa. Mafi ban dariya shi ne Rick Ross, wanda ya ari sunan wani shahararren dillalin ƙwaya na Los Angeles ya gina suna a matsayin uban fatauci, sai a 2008 aka fito da hotonsa sanye da kakin gandiroba a Florida. Ya musanta, daga baya ya amsa. A ɗaya gefen kuma ga 50 Cent, wanda aka harba sau tara a Queens a shekarar 2000 ya rayu. Da kundinsa ya fito a 2003, tabon harsashin nan shi ne kan gaba a talla, aka sayi kwafi sama da dubu 800 a makon farko. Kasuwa ta nuna wa kowane yaro mai tasowa farashin da take biya a kan tabo.

Ba ina cewa abin duk bogi ne ba. Mafi kyawun ayyukan wannan fage ba su da alaƙa da burga, kuma su ne dalilin da ya sa ya cancanci a tsaya a yi sharhi a kansa. Queensbridge da ke New York rukunin gidajen gwamnati ne mafi girma a Amurka, an buɗe shi a 1939, gidaje sama da dubu uku a ƙarƙashin gada. Daga nan Nas ya fito da Illmatic a 1994 yana ɗan shekara ashirin, kuma abin da ke ciki ya fi kama da kallon mai leƙe ta taga: wasiƙa zuwa ga aboki a kurkuku, labarin wanda ya mutu da wanda ya ci amana, yaron da ya tsufa kafin ya yi gemu. Mobb Deep, su ma daga nan, kiɗansu sanyi gare shi kamar ɗakin ajiye gawa, kuma ɗayansu, Prodigy, da ciwon sikila ya rayu har ya rasu a 2017, don haka idan yana maganar azaba ba aro ya yi ba. Geto Boys na Houston sun yi waƙa a 1991 a kan ɗan daban da tsoro ya hana barci, yana leƙen labule, yana ganin maƙiya inda babu kowa. Notorious B.I.G. ya rufe kundinsa na farko da mutumin da ya gaji da kansa. DMX, wanda ya fitar da kundi biyu da suka hau matsayi na ɗaya cikin 1998 kaɗai, yakan yi haushi kamar kare a waƙa ɗaya, a ta gaba ya durƙusa yana addu'a yana kuka. Wanda bai ji Turancin unguwa ba zai ji ihun kawai, nadamar ta wuce shi. Wannan ita ce asarar da mai sauraro daga nesa kan yi, ko a Tokyo yake ko a Kano.

Wani abin da kan ruɗa namu masu sauraro shi ne sunayen Larabci da sallama da ke yawo a waƙoƙin New York na lokacin. Wasu mawaƙan Musulmi ne da gaske. Amma da yawa, har da wasu 'yan Wu-Tang Clan, kalmomin sun zo musu ne daga wata ƙungiya da Clarence 13X ya kafa a Harlem a 1964 bayan ya ɓalle daga Nation of Islam, ita kuma ƙungiyar tasa tana koyar da cewa baƙar fata namiji shi ne abin bauta. Wannan ko kusa ba aƙidar Musulunci ba ce.

Masu suka ma ba duka ne 'yan siyasa masu neman ƙuri'a ba. Gaskiya ne a 1992 Shugaba George Bush babba da mataimakinsa Dan Quayle sun yi ca a kan wata waƙar Ice-T mai ambaton kashe ɗan sanda, har aka cire ta daga faifai. Amma suka mafi nauyi daga cikin gida ta fito. Fasto Calvin Butts na Harlem ya tara faifai a 1993 da niyyar bi ta kansu da motar daɓe titi. C. Delores Tucker, dattijuwar da ta yi tattaki tare da Martin Luther King, ta sayi hannun jari a babban kamfanin nishaɗi na Time Warner don kawai ta samu damar miƙewa a taron masu jari ta tambayi shugabannin ko za su iya karanta baitocin nan da bakinsu. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda ake kiran mata baƙaƙe da sunan karya da karuwa, kuma a nan ba ni da abin kare mawaƙan da shi. Talauci bai tilasta wa kowa zagin uwar wani ba. Abin bai tsaya a baki ba ma: a 1991 Dr. Dre ya lakaɗa wa mai gabatar da shirin talabijin Dee Barnes duka, bai nemi afuwar matan da ya cutar a bainar jama'a ba sai a 2015. Tucker ta yi nasara, Time Warner ya sayar da kasonsa na Interscope, kamfanin da ke fitar da irin waɗannan faifai, a 1995. Ba a yi shekara ba kamfanin MCA ya sayi rabin Interscope a kan dala miliyan 200.

Shin waƙar ce ke jawo kisa? Alƙaluma ba su goyi bayan mai saurin cewa e ba. A daidai shekarun da cinikin waƙar 'yan daba ya yi tashin gwauron zabo, kashe-kashe a Amurka raguwa suka yi sosai. A New York sun sauko ƙasa da 700 a 1998, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na 1990. Miliyoyin da suka sayi faifan ba su harbi kowa ba. Waɗanda abin ya ci su ne na kusa da wutar. Scott La Rock na Boogie Down Productions ma'aikacin jin daɗin jama'a ne, aka harbe shi a 1987 ya je sasanta rigima. Gabar kamfanin Death Row na Los Angeles, inda Tupac yake, da Bad Boy na New York, inda B.I.G. yake, ta fara da zambo a faifai da habaici a dandamali, mujallu suna hura wuta don suna sayarwa. Aka harbi Tupac a Las Vegas ranar 7 ga Satumban 1996, ya cika bayan kwana shida yana ɗan shekara 25. Ranar 9 ga Maris 1997 aka kashe B.I.G. a Los Angeles yana da 24. Sai a 2023 aka gurfanar da mutum na farko kan kisan Tupac, na B.I.G. kuwa har yau ba a gurfanar da kowa ba.

A zamanin wayar hannu ɗan tsakanin da ya rage tsakanin makaɗi da ɗan dambe ya ƙara ƙanƙancewa. Salon drill da ya ɓullo daga kudancin Chicago wajen 2012, lokacin da Chief Keef yana ɗan shekara 16, bai bukaci kamfani ba. Yaro da kyamara da YouTube sun isa. Ana ambaton sunan abokin gaba da layinsu, ana yi wa mamatansu dariya, amsa kuma takan zo wani lokaci da waƙa, wani lokaci da harsashi. Salon ya tsallaka Landan, inda 'yan sanda suka riƙa neman YouTube ya sauke bidiyoyi, har a 2019 kotu ta yi wa wasu mawaƙa biyu ɗaurin je-ka-gyara-halinka saboda sun rera waƙar da aka hana su. Ya dawo Amurka ta unguwar Brooklyn a New York, inda tauraronsa Pop Smoke ya haska na ɗan lokaci kafin 'yan fashi su kashe shi a gidan haya a Los Angeles a 2020 yana ɗan shekara 20. Wanda ya harbe shi shekararsa 15.

Sai kuma kotu ta shigo da nata karatun. Shekara da shekaru mawaƙan suna rantsuwa cewa duk abin da suka rera gaskiya ne, masu gabatar da ƙara suka ce to madalla, mun karɓa. A ɗaruruwan shari'o'i an karanta baitoci a gaban masu taya alƙali yanke hukunci a matsayin shaida, babu kiɗa, babu murya, kamar takardar amsa laifi. Lauyan da ke kare mawaƙi dole ya ce ai kirari ne kawai, wato ya rushe abin da mai ɗaukarsa ya gina sunansa a kai. Marubucin fim da ya kashe mutum ɗari a takarda ba a yi masa haka, kuma wannan bambancin ne ya sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 2022 da ke taƙaita amfani da baitoci a matsayin shaida. A wannan shekarar aka kama Young Thug a Atlanta, aka ce kamfanin waƙarsa na YSL daba ce, alƙali ya yarda a karanta wasu baitocinsa a shari'ar da ta zama mafi tsawo a tarihin jihar Georgia. A Oktoban 2024 ya amsa wasu laifuka, aka sake shi a kan ɗaurin talala na shekara 15. Cikin sharuɗɗan akwai cewa ya nisanci Atlanta, garin haihuwarsa, har shekara goma, in ban da wasu lalurori na iyali, sai kuma sau huɗu a shekara da zai dawo ya tsaya gaban yara ya ja musu kunne kan daba da bindiga.